Yanayin Turabulus ta Libiya: Garin Bakin Teku da Daminarsa Ke Zuwa da Sanyi

Turabulus, babban birnin Libiya, a bakin teku take kamar Legas da Fatakwal, amma daga nan kamannin ya ƙare. Mu da muke zaune a kudu mun saba da cewa in an ce bakin teku, to an ce ruwan sama ba dare ba rana, da laima, da kwata mai cika ta tumbatsa. Turabulus ba haka take ba. Ruwan da take samu a shekara guda bai wuce kimanin milimita 330 ba. Legas kan sami kusan wannan adadin a watan Yuni kaɗai, Fatakwal kuwa takan haura milimita 2,000 a shekara. Kai, ko Damagaram da muke gani a bakin hamada ta fi Turabulus samun ruwa. Ɗan ruwan da ake samu ɗin ma ba ya zuwa lokacin daminarmu. Yana sauka ne daga Oktoba zuwa Maris, wato daidai lokacin da muke shafa man kaɗanya saboda hunturu.

Na ga ya dace in zauna in yi bayanin wannan yanayi dalla-dalla ne saboda da wuya ka shiga wani zango a kudu, ko Agege ne ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan, ka rasa wanda ƙaninsa ko ɗan ɗakinsa yake Libiya, ko yake haɗa kuɗin mota. Wasu aikin gini suke yi a can, wasu gadi, wasu aikin gona, wasu kuma idonsu na kan tsallake teku. Ana yawan zancen hanya da 'yan sanda da kuɗin dillali, amma ba a cika zancen yanayin garin ba, alhali shi ma yana kwantar da mutum, yana kuma kashewa. Garin ma ba baƙonmu ba ne. Tun kafin zuwan Turawa ayarin raƙuma ke tashi daga Turabulus su bi ta Gadamus da Gat su sauke kaya a Kano, su ɗauki fata da tufafi da gashin jimina su koma. Sai da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 sannan fatauci ya juya fuska zuwa Legas, inda da yawanmu muke ci a yau.

Inda garin yake

Turabulus na gaɓar kudu ta Bahar Rum, tekun da ya raba Afirka da Turai. Tana kusan digiri 33 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Legas kuwa tana wajen digiri 6 da rabi, Kano na digiri 12. Wannan nisan shi ne tushen komai. Bayan garin akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da ake kira Jifara, inda gonakin zaitun da lemu da kayan lambu suke. In ka ƙara yin kudu kamar kilomita 80 sai ka tarar da tsaunukan Nafusa, inda garin Garyan yake a kan tudu mai tsayin kusan mita 700. Daga bayan tsaunukan nan sai hamada, har Sabha, har iyakar Nijar. A duk faɗin Libiya babu kogi ko ɗaya mai gudu shekara cur.

To me ya sa damina ta juya musu? Ruwanmu na Najeriya iskar da ke tasowa daga tekun kudu ce take kawo shi. Takan fara da Fatakwal da Legas, ta hau arewa sannu a hankali ta kai Kano wajen Mayu ko Yuni, ta ɗan leƙa Agadas, daga nan ƙarfinta ya ƙare. Ba ta taɓa tsallake Sahara. A waɗannan watannin, iskar da ke saman Bahar Rum sauka take yi daga sama tana danne ƙasa, kuma irin wannan iska ba ta barin hadari ya haɗu. Sai lokacin sanyi, in rana ta karkata kudu, sannan hadarin da ke tasowa daga tekun Atlantika da kudancin Turai yake samun hanya ya ratso Bahar Rum daga yamma zuwa gabas. Gefen wannan hadarin ne yake shafar Turabulus. Ruwan Turai ne, a taƙaice, su kuma suna samun ragowarsa.

Sanyi

A nan nake so mai karatu ya fi tsayawa. Watan Janairu ne ya fi sanyi. Da rana zafi kan tsaya wajen digiri 17 zuwa 18, da dare ya sauka wajen 9. A unguwannin da suka yi nisa da teku da kuma gonakin Jifara yakan sauka ƙasa da haka sosai, wani daren har kusa da sifili. A tsaunukan Nafusa kuwa dusar ƙanƙara kan sauka a wasu shekarun, ta rufe hanya.

Bakano zai ce ai mu ma muna ganin digiri 10 ko 12 da asuba a tsakiyar hunturu, mene ne abin tsoro? Hausa da kanta ta bambanta abubuwan biyu: akwai ɗari, akwai sanyi. Namu na arewa ɗari ne, busasshe, mai fasa leɓe da kaushi, amma da rana ta ɗaga zuwa hantsi ka cire rigar sanyi ka rataye, zuwa azahar ma kana neman inuwa. Na Turabulus sanyi ne mai laima. Yana zuwa da ruwa da iska daga teku, gari ya yini a lulluɓe, kayan da ka shanya su kwana biyu ba su bushe ba, bango ya yi gumi, katifa ta yi danshi. Ba ya ɗagawa da hantsi. Wanda kuma ya shekara goma a Legas, inda digiri 22 ma ake kiransa sanyi, jikinsa ya riga ya manta ko da ɗarin gida.

Su mutanen ƙasar suna da lissafinsu na gargajiya, kamar yadda manomanmu suke lissafi da taurari. Suna da kwana arba'in da suke kira Layali, daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Fabrairu, su ne zuciyar sanyi. In mutum ya ɗauka an fita, sai a tsakiyar Fabrairu a sake shiga wasu 'yan kwanaki masu tsanani da suke kira Girrat al-Anz, wato sanyin akuya, don an ce har awaki yake kashewa. Disamba da Janairu su ne suka fi ruwa, kowanne da milimita 60 da ɗoriya, sai Nuwamba ta biyo su.

Matsalar ɗan ci-rani ita ce wurin kwana. Da yawa a kangon gini suke kwana, ko shago, ko ɗakin gona mai rufin kwano, babu tagar kirki, ƙasa siminti. Abin da ke biyo baya shi ne mura da tari da ciwon haƙarƙari. Daga nan sai a shiga dabarar da ta fi sanyin haɗari: a hura gawayi a kurfoti a shiga da shi ɗaki, a toshe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Alamarta ta farko ciwon kai ne da jiri da kasala, wanda yake barci kuwa ba ya jin komai, sai dai a tarar da ɗaki guda ba wanda ya tashi. Mu a kudu mun san irin wannan labarin da hayaƙin janareta, to gubar ɗaya ce. Risho na kananzir ma haka yake in ɗaki a rufe ruf. In dole ne, a ɗumama ɗakin, a fitar da wutar waje kafin a kwanta. Bargo biyu da safa da hular sanyi da takalmi rufaffe sun fi kurfoti amfani, kuma in da za a tambaye ni abin da za a aika wa yaro da shi a watan Nuwamba, kuɗin waɗannan zan ce.

Amma fa lokacin sanyin nan shi ne lokacin albarkar ƙasar. Da ruwan farko na Oktoba da Nuwamba ake shuka sha'ir da alkama, a girbe wajen Afrilu da Mayu. Tsinkar zaitun da lemu ma duk cikin sanyi ake yi, don haka aikin gona yakan samu a lokacin. Wanda ya sauka Turabulus a Fabrairu zai ga bayan gari kore shar, ya dawo a Agusta ya tarar da shi ƙurmus kamar Sakkwato a watan Maris.

Gibli

Daga Maris zuwa farkon Yuni, sannan kuma wajen Satumba da Oktoba, akwai wata iska da duk mazaunin Libiya ya san sunanta: Gibli. Kalmar tushenta ɗaya da alƙibla, amma a bakinsu kudu take nufi, ba gabas ba kamar yadda muka saba. Daga hamada take tasowa. In wani hadari ya ratso gefen teku, sai ya zuƙo iskar Sahara zuwa arewa, ta gangaro daga tsaunukan Nafusa, kuma gangarowar na ƙara mata zafi da bushewa. Cikin 'yan sa'o'i garin da yake digiri 25 sai ya haura 40. Sama ta yi ja ko ruwan ƙasa, yashi ya shiga ido da abinci da injin mota, wani lokacin har a dakatar da tashin jirage. Takan yi kwana ɗaya zuwa huɗu, sannan iska ta juyo daga teku gari ya huce farat ɗaya, har mutum ya nemi rigar sanyi a daren.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne hamada ɗaya ce take aiko mana da hazo take aika musu da Gibli. Mu tana zuwa mana daga arewa maso gabas da sanyi, su kuma daga kudu da wuta. In ta tsallaka teku ta isa Italiya sai sunanta ya koma Sirokko, ta bar jan ƙura a kan motocin Turawa. Manoman dabino ba sa ƙin Giblin kaka, don tana taimaka wa dabino ya nuna. Mai asma da mai ciwon ido da lebura a saman gini kuwa, ranar Gibli ranar zama a inuwa ce da rawani ko takunkumi a hanci da jarkar ruwa a gefe.

A nan kusa ne, a garin Aziziya mai nisan kimanin kilomita 40 kudu da Turabulus, aka rubuta digiri 58 a ranar 13 ga Satumba, 1922. Shekara casa'in littattafan makaranta na cewa nan ne wuri mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya. A 2012 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta sake bincikar lamarin ta soke wannan adadi, bisa dalilin cewa na'urar da aka yi amfani da ita tana da matsala, kuma da alama wanda ya karanta ta bai ƙware ba. Har yanzu za ka ji ana ambaton adadin a hira, amma ba shi da tushe yanzu.

Zafi

Daga Yuni zuwa Agusta kusan ɗigo ba ya sauka. A bakin teku matsakaicin zafin rana a Yuli da Agusta yana wajen digiri 32 zuwa 33, dare kuma 22 zuwa 23. A takarda wannan bai fi Legas a watan Maris ba, kuma akwai kamanni, don iskar teku na kawo laima, gumi ba ya bushewa. Sai dai da ka matsa kilomita 20 ko 30 cikin ƙasa zafin ranar yana ƙaruwa sosai, kuma akan sami jerin kwanaki da ake haura 40, wani lokacin har 45. Babu hadarin da zai haɗu da yamma ya sauko ya sanyaya gari kamar yadda muke sa rai a bazara. Haka za a tafi wata uku zuwa huɗu. A shekarun rikici, lokacin zafin nan ne aka fi ɗauke wuta na sa'o'i masu yawa, saboda kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, tashoshin kuma ba sa iya ɗauka.

Akwai kuma tsawon yini. A Legas bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya ba. A Turabulus yinin ƙarshen Yuni ya haura awa 14, na ƙarshen Disamba kuwa awa 10 ne. In azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, daga alfijir zuwa faɗuwar rana ana kaiwa kusan awa 16, ga rana ga aikin ƙarfi. In ya faɗo a sanyi kuma ya fi namu sauƙi. Agogonsu yana gaba da namu da awa ɗaya, ga mai son kiran waya.

Ambaliya a ƙasar da ba kogi

Ƙarancin ruwa ba ya nufin ba a ambaliya. Ruwan Turabulus ba shi da tsari: wata shekarar ya yi ƙaranci, wata shekarar rabin na shekara ya zuba cikin kwana biyu ko uku. Ƙasar a bushe take da tauri, ba ta shanyewa da sauri, magudanan gari kuma ba a yi su don irin wannan ba, sai ka ga manyan tituna da ƙarƙashin gadoji sun zama tafki. Busassun kwaruruka da ke gangarowa daga tsaunuka, waɗanda suke kira wadi, sukan cika cikin ƙanƙanin lokaci ko da ba a yi ruwa a inda kake tsaye ba. Mafi shahara a wajen Turabulus shi ne Wadi Majinin. A 1945 ambaliya ta sha garin na kwanaki, shekara biyu bayan haka kuma fari ya kashe dubban dabbobi. Daga baya aka gina wa kwarin madatsar ruwa don kare birnin.

Abin da ya faru a Darna ya nuna iyakar abin da wadi zai iya yi. Darna ba kusa da Turabulus take ba, tana can gabashin ƙasar, tafiyar fiye da kilomita 1,000, amma bakin teku ɗaya ne. A daren 10 zuwa wayewar 11 ga Satumba, 2023, guguwar da aka sa wa suna Daniel ta sauke ruwan da ya haura milimita 400 cikin yini guda a garin Baida, wato fiye da na shekarar Turabulus gaba ɗaya. Madatsun ruwa biyu da ke saman Darna suka ɓalle, ruwa ya kwashi unguwanni ya zuba a teku. An tabbatar da mutuwar mutum fiye da 4,000, dubbai kuma ba a gan su ba, cikinsu har da baƙi 'yan ci-rani masu yawa. Irin wannan guguwa takan taso ne a ƙarshen zafi zuwa cikin sanyi, lokacin da ruwan teku ke da ɗumi sannan iska mai sanyi ta ratso samansa. Ga wanda yake kwana a gona ko a kango, abin lura shi ne kada shimfiɗarsa ta kasance a cikin kwari, komai bushewarsa da laushin yashinsa.

Ruwan sha kuwa ba daga sama yake zuwa ba. Rijiyoyin Jifara an zuƙe su har ruwan teku ya fara kutsowa, da yawa sun koma gishiri-gishiri. Mafi yawan ruwan famfon Turabulus daga ƙarƙashin hamada ake turo shi ta manyan bututai na aikin nan da gwamnatin Gaddafi ta fara a 1984, wanda ake kira Babban Kogin da Ɗan Adam Ya Yi. Ya iso Turabulus a 1996 daga rijiyoyin da ke ɗaruruwan kilomita a kudu. Ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru lokacin da Sahara take da damina, kuma ba ya sabuntawa. Sau da dama masu ɗauke da makamai sun rufe bututun a hanya, birnin ya kwana da ƙishirwa.

Tekun

Masuncinmu na Legas ko mai lodin yashi a bakin ruwa ya san tekun da ɗuminsa bai cika sauka ƙasa da digiri 26 ba duk shekara. Bahar Rum a gaɓar Turabulus yakan kai 27 zuwa 28 a Agusta da Satumba, amma a Fabrairu da Maris yana wajen 16. Kuma teku na jinkirin ɗumama: a watan Afrilu, lokacin da gari ya fara zafi mutum yana yawo da riga ɗaya, ruwan yana nan da sanyinsa na hunturu. A ruwa mai digiri 16, ko gwanin iyo ne, cikin 'yan sa'o'i hannu da ƙafa suke daina bin umarni. Ba ma sai an faɗa ruwan ba. A Fabrairun 2015, mutum 29 da suka tashi daga gaɓar Libiya a jirgin roba sanyi ne ya kashe su, da yawansu bayan jami'an Italiya sun riga sun tsamo su, saboda sun daɗe a jiƙe cikin iska.

Daga wannan gaɓa zuwa tsibirin Lampedusa na Italiya kimanin kilomita 300 ne. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso yamma takan tayar da igiyar ruwa mai tsayin mita da yawa, kuma yanayi na iya juyawa cikin rabin yini. Lokacin zafi teku ya fi kwanciya, shi ya sa aka fi tura jirage a lokacin, amma hakan bai hana nutsewa ba, tunda jirgin roba mai ɗauke da mutum ɗari da wani abu ba ya buƙatar guguwa kafin ya sace. A Nuwamban 2017 gawarwakin 'yan mata 26 'yan Najeriya aka sauke a tashar Salerno ta Italiya.

Watannin Maris zuwa Mayu suna da wata yaudara ta musamman, kuma Gibli ce sila. In iska tana busowa daga kudu, wato daga tudu zuwa teku, ruwan bakin gaɓa yakan kwanta lumui kamar tafki, ga ɗumi, ga iskar tana tura jirgi gaba. Wanda yake tsaye a bakin ruwa da dare zai rantse babu ranar da ta fi wannan. Amma igiyar ruwa tana girma ne gwargwadon nisan da iska ta yi a kan teku, don haka duk kilomitar da aka ƙara, ruwan na ƙara tashi, kuma ƙaramin inji ba zai iya juyowa ya fuskanci iskar ya koma ba. Sannan hadarin da ya zuƙo Giblin yana tafe a bayanta, in ya iso iska ta juya ta koma ta arewa mai sanyi da ƙarfi, daidai lokacin da jirgin yake tsakiyar ruwa. A Afrilun 2021 wani jirgin roba ya tashi daga Khums, gabas da Turabulus, da mutum kusan 130, teku ya tashi musu a hanya. Sun yi ta kiran neman agaji na sa'o'i. Da jirgin ceto na Ocean Viking ya isa wurin a ranar 22 ga watan, ragowar robar da gawarwaki ya tarar, babu mai rai ko ɗaya.